Ciwon Cikin da Ba a Nemansa

A cikin manyan littattafan da ɗalibanmu na fannin likitanci da na nazarin ƙananan halittu suke karantawa, akwai wani rukunin cututtuka da akan tura can ƙarshen babi, a rubuta su da ƙananan baƙaƙe, a ce ba safai ake cin karo da su ba. Ɗalibi mai wayo ya san ba a cika kawo su a jarrabawa ba, saboda haka sai ya tsallake su. Bayan ya zama likita ko ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje, ba zai neme su a jikin majiyyaci ba, domin an riga an gaya masa ba su da yawa. Tunda bai nema ba, ba zai gani ba. Tunda bai gani ba, ba zai rubuta rahoto ba. Sai mai sabunta littafin ya duba rahotanni, ya ga babu komai daga Afirka ta Yamma, ya maimaita abin da ya faɗa tun farko. Ra'ayina shi ne, game da wasu cututtukan ciki da bakteriya ke haddasawa ga mutanen da garkuwar jikinsu ta raunana, wannan hukunci na "ba safai ba" ya fi nuna halin da ɗakunan gwajinmu ke ciki fiye da yadda yake nuna yawan cutar a cikin jama'a.

Kafin mu yi nisa, ya kamata mai karatu ya san irin zaman da ake yi a cikin cikinsa. A shekarar 2016 masana sun ƙiyasta cewa jikin babban mutum na ɗauke da bakteriya kimanin tiriliyan 38, kuma mafi yawansu a babban hanji suke zaune. Abin da ya raba wannan runduna da jinin mutum wata shimfiɗa ce ta ƙwayoyin halitta mai layi ɗaya tak, wadda wata irin majina ta lulluɓe, kuma jiki na sabunta ta duk bayan 'yan kwanaki. Bakteriyar da ta samu ta tsallake wannan katanga takan faɗa cikin jijiyar da ke kwasar jini daga hanji zuwa hanta, a can kuwa akwai wasu ƙwayoyin halitta masu haɗiye baƙi da ke zaune suna tace jinin. Saifa ita ma tana irin wannan aiki ga jinin da ke zagaya sauran jiki. Fararen ƙwayoyin jini kuma su ne 'yan sintiri, duk inda aka yi ɓaraka nan suke dosa. Muddin waɗannan masu gadi na kan aikinsu, mutum zai ci, ya sha, ya taka laka, ya haɗiyi dubban ƙwayoyin cuta, ya kwana lafiya bai ma san an yi ba.

Da zarar ɗaya daga cikin masu gadin ya gaza, sai ƙofar da yake tsaro ta zama a buɗe, kuma kowace ƙofa da irin ɓarawon da ya san ta. Mai ciwon daji da ake yi wa magani mai ƙarfi, fararen ƙwayoyin jininsa kan ragu ƙwarai, bangon hanjinsa kuma ya yi laushi. A irin wannan hali farkon babban hanji kan kumbura, wata bakteriya mai suna Clostridium septicum ta kutsa, kuma tana iya kashe mutum cikin kwana guda ko biyu. Mai cutar ƙanjamau da ƙwayoyin garkuwarsa na CD4 suka faɗi ƙasa da 50 yana iya kamuwa da Mycobacterium avium, wata 'yar'uwar ƙwayar tarin fuka da ke cikin ruwa da ƙasa, wadda ba ta iya yi wa lafiyayye wani abin kirki, amma shi takan cika masa hanji da hanta da kaluluwar ciki. Wanda hantarsa ta ƙanƙance har ruwa ya taru masa a ciki, ruwan nan kan kamu da cuta ba tare da hanji ya huje ba. Mai amosanin jini, wato sikila, saifarsa kan daina aiki tun yana ƙaramin yaro, shi ya sa dangin Salmonella ke samun galaba a kansa. Ga kuma masu ciwon sukari, waɗanda tun cikin shekarun 1980 likitocin Taiwan suka lura da wani mugun nau'in Klebsiella da ke yi musu ƙurji mai mugunya a hanta.

Irin waɗannan mutane ba 'yan kaɗan ba ne a cikinmu. Ana ƙiyasta cewa a Nijeriya akan haifi jarirai kimanin 150,000 masu sikila a kowace shekara, adadin da babu ƙasar da ta kai shi a duniya. Binciken ƙasa da aka gudanar a 2018 ya nuna kusan mutum miliyan 2 na ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau, kuma wajen 8 cikin 100 na manya na ɗauke da ƙwayar ciwon hanta nau'in B. Masu ciwon sukari sun kai miliyoyi, da yawansu ba su ma san suna da shi ba. Bugu da ƙari akwai wani rukuni da ba ya shiga lissafin kowa: waɗanda ke karya garkuwar jikinsu da hannunsu, ta hanyar shan magungunan ƙiba da ake kira sha-ka-fashe, ko shan dekzametazon da firedinisolon wata da watanni saboda ciwon gaɓoɓi, duk daga kemis, ba tare da takardar likita ba. Waɗannan magunguna aikinsu ke nan, su danne garkuwar jiki, shi ya sa ake ba wanda aka yi wa dashen ƙoda irinsu don kada jikinsa ya ƙi baƙuwar ƙodar.

A cikin dukkan cututtukan da ke jiran irin waɗannan mutane, akwai guda da nake so in tsaya a kanta, domin tarihinta ya isa hujja ga abin da nake faɗa. Sunanta meliyoidosis, bakteriyar da ke kawo ta kuma Burkholderia pseudomallei. A shekarar 1912 ne wani likitan Birtaniya, Alfred Whitmore, tare da abokin aikinsa C. S. Krishnaswami, suka bayyana ta bayan sun gano ta a gawarwakin talakawan birnin Rangun na ƙasar Bama, waɗanda da yawansu masu yi wa kansu allurar mofin ne, jikinsu ya riga ya lalace. Wato tun ranar farko cutar raunana ce. Ƙwayar a cikin ƙasa da ruwa take rayuwa, musamman ƙasa mai danshi irin ta fadamar shinkafa, kuma tana iya daɗewa a can ba tare da ta buƙaci jikin mutum ko na dabba ba. Takan shiga jiki ta yanka ko faso a ƙafa, ko ta shaƙar feshin ruwa da ƙura lokacin guguwa, ko ta shan ruwan da ba a tace ba. Saboda haka ne mafi yawan masu kamuwa da damina suke kamuwa. Ba safai take tsallakawa daga mutum zuwa mutum ba.

A matsayina na mai koyar da ilimin halittu, ba na gajiya da mamakin dabarar wannan ƙwaya. Idan ƙwayar halitta mai haɗiye baƙi ta haɗiye ta da nufin narkar da ita, sai ta fasa jakar da aka kulle ta a ciki, ta fito fili cikin ƙwayar halittar, ta shiga hayayyafa. Daga nan sai ta tattara zaruruwan da ƙwayar halittar ke amfani da su wajen riƙe siffarta, ta mai da su wutsiya mai tura ta gaba, ta doshi maƙwabciya. Har takan sa ƙwayoyin halitta da dama su haɗe su zama ƙatuwa guda, ita kuma ta yi ta yawo a ciki ba tare da ta fito inda 'yan sintiri za su gan ta ba. Lafiyayyen jiki galibi yakan ci ƙarfinta duk da haka. Amma mai ciwon sukari fararen ƙwayoyin jininsa sun yi sanyi, ba sa isa wurin ɓarna da sauri, in sun isa ma ba sa kisa yadda ya kamata. Kusan rabin waɗanda ake kwantarwa da meliyoidosis masu ciwon sukari ne, kuma haɗarin kamuwarsu ya fi na sauran mutane fiye da ninki 10. Masu ciwon ƙoda, da mashaya barasa, da masu shan magungunan danne garkuwa, su ke biye.

Cutar takan kama huhu, takan shiga jini, amma abin da ya shafe mu a nan shi ne yadda take son saifa da hanta. A can takan yi ƙananan ƙuraje masu mugunya da yawa, waɗanda in an ɗauki hoton ciki sukan fito kamar saƙar zuma. Majiyyacin zai zo da zazzaɓi na makonni, da ciwon ciki wajen haƙarƙari, da rama. To, mai karatu ya tambayi kansa, wanda ya je asibiti ko kemis a garuruwanmu da waɗannan alamomi, me za a ce yana damunsa? Da farko maleriya. In zazzaɓin ya ƙi sauka, sai a yi gwajin Widal, gwajin da aka ƙirƙiro tun 1896, wanda a wuraren da taifod ya zama ruwan dare yakan nuna "akwai" ko ga mutumin da lafiyarsa ƙalau. Sai a ce taifod ne. In an yi dace an ɗauki hoto an ga ƙurji a hanta, sai a ɗora wa amiba. In abin ya yi tsawo, sai a ce tarin fuka ne ya sauka ciki, a ɗora mutum kan magani na wata shida. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan zato yana da hujja, kuma sau da yawa shi ne daidai. Matsalar ita ce Burkholderia pseudomallei ba ta jin fenisilin, ba ta jin amfisilin, ba ta jin jentamisin, wato magungunan da hannu ya fi saurin kaiwa gare su. Maganinta allurar seftazidim ce ko merofenem ta jijiya, aƙalla kwana 10 zuwa 14, sa'an nan a bi da shan kotirimokzazol, wanda aka fi sani da Septrin, na wata 3 zuwa 6, in ba haka ba cutar ta dawo. Wani gwaji da aka yi a Ubon Ratchathani, arewa maso gabashin Tailan, aka buga sakamakonsa a 1989, ya nuna seftazidim ya rage mace-macen masu tsananin cutar daga 74 cikin 100 zuwa 37. Tazarar da ke tsakanin waɗannan alƙaluma biyu ita ce amfanin sanin sunan cuta.

Sanin sunan kuwa ba ya samuwa sai an ɗebi jini ko mugunya, an shuka a farantin raino, an jira ƙwayar ta tsiro. Ko an yi hakan ma akwai sauran rina a kaba. Abin da ke tsirowa yakan yi kama da dangin Pseudomonas, waɗanda suka cika ruwan famfo da ƙasa, saboda haka ma'aikacin da ba a taɓa faɗakar da shi ba yakan ɗauka datti ne ya faɗa farantin, ya zubar, ya rubuta cewa ba a ga komai ba. Sau da dama amsar takan iso har hannun mai gwaji, ta ƙare a kwandon shara.

Ƙasar Lawos ta isa misali. Tana maƙwabtaka da yankin Tailan da cutar ta fi yawa a duniya, kogin Mekong ne kawai ya raba su a wurare da dama, ƙasa iri ɗaya, shinkafa iri ɗaya, damina iri ɗaya. Amma kafin 1999 ba a taɓa tabbatar da cutar a jikin kowa a asibitocin ƙasar ba. A wannan shekara aka inganta ɗakin gwajin asibitin Mahosot da ke babban birnin, Biyantiyan, aka samu mutum na farko, kuma kafin a cika shekara 20 waɗanda aka tabbatar sun haura 1,000. Ba wanda ya ce ƙwayar ta ƙetaro kogi ne a 1999. Manoman da suka mutu da ita kafin nan an binne su ne da sunan wasu cututtuka. Haka aka yi a Kambodiya, haka aka yi a kudancin Indiya, inda likitoci suka daɗe suna ɗaukar ta a matsayin tarin fuka. Ko Amurka, da duk kayan aikinta, sai a 2022 ta tabbatar cewa ƙwayar na zaune a ƙasar gaɓar tekun jihar Misisifi.

A 2016 wani ayarin masana ƙarƙashin Direk Limmathurotsakul suka haɗa bayanan irin ƙasa da ruwan sama da zafi da yawan masu ciwon sukari, suka ƙiyasta cewa mutum 165,000 ke kamuwa da meliyoidosis a duniya kowace shekara, 89,000 kuma su mutu. Suka ce ban da ƙasashe 45 da aka san tana ciki, akwai wasu 34 da ake kyautata zaton tana nan amma ba a taɓa bayar da rahotonta ba. Nijeriya ta fito cikin ƙasashen da ke kan gaba, da ƙiyasin da ya haura mutum 10,000 a shekara. Wannan lissafi ne na takarda, yana iya hawa, yana iya sauka. Sai dai akwai alamun da ba na takarda ba. Tun farkon shekarun 1970 likitocin dabbobi suka ware ƙwayar daga aladun da aka yanka a mayankar Yamai. A 2011 aka buga rahoton wata mai ciwon sukari da ta kamu da cutar a ziyarar da ta kawo Nijeriya, amma sai da ta koma Ingila aka gano abin da ke damunta. Sa'an nan a 2019 masu bincike na gida da na Holan suka ɗebi ƙasa daga gonaki a jihohi daban-daban, har da Kebbi, suka samu ƙwayar a fiye da jiha guda, mafi yawa a kudu maso gabas. An buga sakamakon a 2023. An kuma same ta a ƙasar Gana da ta Gabon. Ƙwaya na cikin ƙasa, masu ciwon sukari na ƙaruwa, noman shinkafa ya bunƙasa daga Kebbi zuwa Kura zuwa kwarin Haɗeja, manomi kuwa da ƙafarsa tsirara yake shiga ruwa. Abin da ya rage a cikin lissafin shi ne majiyyata, kuma da wuya in yarda cewa babu su.

Na san abin da za a ce, kuma masu cewa ba wawaye ba ne. Za a ce ƙasar da maleriya da gudawa da tarin fuka ke kashe dubban ɗaruruwa, ƙasar da har yanzu hanjin yara ke hujewa saboda taifod, ba ta da rarar kuɗin farautar cutar da ba a tabbatar da yawanta ba. Likita kuma an koya masa ya fara zaton abin da ya fi yawa. Na yarda da rabin wannan magana. Ga lafiyayyen saurayi da ya zo da zazzaɓin kwana uku, zaton abin da ya fi yawa shi ne hankali. Amma wannan ƙa'ida an gina ta ne a kan mutum mai cikakkiyar garkuwa. Da zarar an ce majiyyacin na da ciwon sukari, ko sikila, ko ƙanjamau, ko yana shan magungunan danne garkuwa, to ma'aunin ya sauya, abin da ke da wuya ga wasu ya zama kusa gare shi, kuma jinkirin da lafiyayye zai jure shi ba zai jure ba. Game da kuɗi kuwa, ba wani sabon gini ake nema ba. Kwalbar rainon jini da za ta kama Burkholderia ita ce dai za ta tabbatar da taifod na gaskiya, ita ce za ta nuna wace ƙwaya ce ta daina jin wane magani. Kuɗin da iyalai ke zubarwa wajen sauya allura bayan allura a kan zato, in aka tara, ya isa a yi gwajin sau da yawa. Kuma wannan lalube a duhu shi ke ƙara horar da bakteriya su bijire wa magunguna, abin da zai dawo kan kowa.

Abin takaici ma shi ne gano wannan ƙwaya ba ya buƙatar na'ura mai tsada. Tun 1979 wani masani a Ostareliya, L. R. Ashdown, ya haɗa wani abincin raino da ke ɗauke da jentamisin, wanda ke hana sauran bakteriya tsirowa ya bar ta ita, ta fito da launin shunayya, fuskarta a yamutse. Akwai kuma wata hanya mai sauƙi da aka gwada a ƙananan asibitocin Biyetnam: a aza 'yan faya-fayan magani guda uku a kan farantin, in aka ga ƙwayar ta bijire wa jentamisin da kolistin amma ta ji haɗin amokzisilin da kilabulanet, to a ajiye ta a aika inda za a tabbatar. Ɗakin gwajin da ke iya rainon jini yana iya yin wannan. Sharaɗi guda shi ne kariya, domin ƙwayar na iya kama mai gwajin kansa; dole a yi aikinta cikin akwatin nan mai zuƙe iska, kuma tsohuwar ɗabi'ar sunsuna faranti don gane ƙwaya da warinta haramun ce a nan.

Nijeriya ta taɓa nuna cewa tana iya fito da cutar da duniya ta manta. Ita ta jagoranci neman a sanya cutar nan mai cinye fuskar yara, wadda aka kafa wa asibiti na musamman a Sakkwato, cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su na Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma aka sanya ta a watan Disambar 2023. Meliyoidosis ba ta samu shiga a lokacin ba. Waccan cuta a fuska take, kowa na ganinta. Wannan kuwa a saifa take, ba ta da mai ba da shaida sai farantin raino.

A ganina nauyin farko a kan jami'o'i yake, tun kafin ma'aikatar lafiya. Mu ne ke tsara abin da ɗalibi zai ɗauka da muhimmanci, mu ne kuma ke da sassan nazarin ƙananan halittu da na kimiyyar ƙasa da asibitocin koyarwa a wuri guda. Ya kamata kowane asibitin koyarwa ya ɗauki ƙa'ida cewa duk mugunyar da aka zuƙo daga hanta ko saifar mai rauni sai an raine ta, kuma kada a zubar da wani "Pseudomonas" da ya fito daga jinin mai ciwon sukari sai an gwada shi da faya-fayan nan uku. Likita ya riƙa tambayar majiyyaci sana'arsa, da ko ya shiga fadama a daminar nan. Mai ciwon sukarin da ke noman shinkafa a gaya masa ya sa takalmin roba, ya wanke rauni da sabulu nan take, ya tafasa ruwan sha, kuma in zazzaɓi da ciwon ciki suka wuce mako duk da magani, ya nemi asibitin da ke rainon jini, ya bar zagayen kemis. Binciken ƙasar fadamominmu kuwa aiki ne da sashe guda mai ɗakin gwajin da ya cika sharaɗin kariya zai iya somawa a damina mai zuwa, domin an riga an tsara yadda ake yi: a zaɓi gona, a haƙa rami 100 a jere, kowanne zurfin santimita 30, a ɗebi giram 10 na ƙasa daga kowane rami.